Bindigar da Ba Ta San Hagu Ba

Folldal, ƙarshen Agusta, 1978

Zuwa ga ƙanwata Gunvor,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ruwan saman Bergen bai jiƙa ki ya narkar ba tukuna. Mu nan lafiya lau muke. Matata Borghild tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba ita ta hana ni rubutu ba, lalacina ne. Kuma gaskiyarta.

Mun gama kwashe ciyawar shanu, tumaki suna can kan dutse sai wata mai zuwa. Gidan dai shiru tun da Baba ya rasu. Abin har mamaki yake ba ni, mutumin da sai ya wuni bai ce uffan ba, amma tafiyarsa ta ƙara wa gida shiru. Tass, karen farautarsa, ya ƙi kwanciya ko'ina sai a kan tsofaffin takalmansa da ke bakin ƙofa. Borghild ta so ta zubar da su, ta ga idon karen, ta fasa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Goma ga Satumba za a buɗe farautar fakara. Kin san yadda muke yi a gidan nan tun zamanin kakanmu. A hau bukkar kan dutse, fakarar farko da ta faɗi a dafa ta a can da kirim da ɗan cukun akuya, duk mai jinin gidan ya sa baki ko da loma ɗaya ce. Bana ce shekarar farko da za a yi babu Baba. Bindigarsa mai baki biyu ta dawo hannuna tare da gonar, tunda ni ne babba. Tana nan rataye a jakarta ta fata, ban ko buɗe ba, sai ranar. Na yi wa kaina alkawari fakarar farko ta bana da ita za ta faɗi, ba da tawa tsohuwa mai baki ɗaya ba.

Sai kuma maganar Tass. Ya tsufa, Gunvor. Ƙafafunsa na baya rawa suke in ya tashi, kuma likitan dabbobi ya ce kada mu sa rai da wata kaka bayan wannan. Hancinsa dai garau yake.

Ki zo. Ranar jana'iza ko kofin da aka zuba miki bai huce ba kika kama hanyar tasha, ban kuwa ce miki komai ba. Yanzu nake cewa. Jariran Bergen za su iya zuwa duniya babu ke na mako guda, akwai wasu ungozomomin a asibitin, ba ke kaɗai ba ce.

Ki huta lafiya. In za ki amsa, ki bari tawadar ta bushe kafin hannun hagun nan naki ya bi ta kai, wasiƙarki ta bara sai da na karanta ta kamar mai bin sawu.

Yayanki,
Eilif

Bergen, farkon Satumba

Yaya Eilif,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ka gai da Borghild da kyau, ka shafa mini kan Tass.

Ba zan zo ba, kuma gara in gaya maka dalili da in fake da aiki.

Kai farautar nan kake tunawa, ni kuma jakar nake tunawa. Tun ina 'yar shekara tara nake biye da ku da jakar tsuntsaye a baya, jini yana ɗiga mini a wuya. Ni ce mai hura wuta, ni ce mai fige. Da na kai sha huɗu, a bakin rafin da ke ƙasan bukka, na tattara duk ƙarfin halina na ce, "Baba, in gwada?" Ya dubi hannuna, ya dubi bindigar, ya ce, "Wannan ba ta san hagu ba." Shi ke nan. Kai aka miƙa wa, ka harba, ka kuskure, aka ce ba laifi. A makaranta an ɗaure mini hannun nan a bayan kujera don in koyi rubutu da dama, ban yi kuka ba. Ran nan a bakin rafi na yi, amma sai da kuka yi nisa.

Kada ka ce tsohon zance ne. Kirsimetin da ya wuce, zuwana na ƙarshe yana da rai, ka san abin da ya haɗa mu? Ya kira ni bakin taga ya ce in nuna masa zakaran ƙarfen da ke kan rumbu. Na nuna. Ya ce in rufe ido ɗaya, in rufe ɗayan. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa tsohon nan. Sai ya zaro wani jan zaren ulu daga kwandon saƙar Borghild, ya kama hannuna ya auna daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya ƙulla, ya sa a aljihu. Na ce, "Rigar sanyi za a saƙa mini?" Ya ce, "Hm." Ka ji hirar uba da 'yarsa da ta yi kwana a jirgin ƙasa don ta gan shi. Har yau ban ga rigar ba. Ya manta, kamar yadda ya saba.

Ban ƙi shi ba, Yaya. Na dai gaji da jiran mutumin, yanzu kuma babu wanda zan jira.

Za ka ji wani abu mai nauyi a ambulan ɗin nan. Mabuɗina ne na bukkar. Rabin da aka ce nawa ne na bar maka, ka haɗa da gona da bindiga, komai ya zauna wuri ɗaya. Allah ya ba da sa'ar farauta.

Ƙanwarka,
Gunvor

Folldal, tsakiyar Satumba

Ƙanwata mai taurin kai,

Gaisuwa da fatan alheri. Mabuɗinki ya iso, na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa kusa da nawa. Ban karɓa ba, ajiya ce. Na tambayi Borghild zancen rigar, ta ce ita ba wanda ya sa ta saƙa, sai dai ta lura an yanke mata zare.

Tunda kin ƙi zuwa, bari in ba ki labari ki sha dariya, don na san abin da zai yi miki daɗi ke nan.

Dutsen bana ya yi kyau har ya ba ni haushi da ba kya nan. Gajerun itatuwa sun yi rawaya, ƙasa ta yi ja, iska tana kaɗawa a hankali daga yamma. Tass da muka ɗauko a bayan mota kamar buhun dankali, yana shaƙar iskar sai ya zama wani kare. Bai yi gudu ba, ya dai bi iska a natse, can sai ya ƙame. Jela a miƙe, ƙafar gaba a ɗage, ko numfashi ba ya yi. Na matsa bayansa na ce masa, "To," yadda Baba yake cewa. Garken ya tashi a gabana, sun fi takwas, suna wannan ƙyaƙyatawar tasu kamar tsofaffin mata a bakin coci. Na saki baki ɗaya, na saki na biyu. Ko gashi bai faɗo ba. Abin da na samu kawai, babban yatsana ya naushe ni a hanci har na ga taurari.

Tass ya waiwayo ya dube ni. Gunvor, ban taɓa jin kunya a gaban mutum yadda na ji a gaban karen nan ba.

Haka aka yi washegari, haka aka yi kashegarinsa. Shi ya yi nasa aikin tsaf, ni in ɓata. A rana ta ƙarshe ya nuna mini wani garke a gindin tsauni, na kuskure, sai ya yi kwanciyarsa a wurin ya ɗora haɓa a kan ƙafa. Borghild da ta hau da tulun kirim ta ce, "Maigida, in ci gaba da ajiye shi, ko in zuba a kan dankali?" A kan dankali ya ƙare. Ta ƙara da cewa fakarun Folldal za su yi mini addu'ar tsawon rai.

Kin san ni ba gwani ba ne, amma da tawa bindigar ban taɓa dawowa hannu wofi haka ba. Da muka sauko gida na ɗora ta Baba a kan tebur na ƙare mata kallo. Ƙotar, wato icen da ake jinginawa a kafaɗa, a karkace take. Ba sosai ba, sai ka sa ido daga baya kake gani, ta kauce gefe guda. In na sa ta a kafaɗa, idona ba ya hawa kan layin saiti, sai na lanƙwasa wuya kamar kaza. Kuma sai nake jin ta gajarce mini. Ina jin danshin bangon da take rataye ne ya murɗe icen, ko da yake ban taɓa jin danshi ya rage tsawon ice ba.

Ranar kasuwa zan kai ta Tynset wurin Ragnvald maƙerin bindiga, ya miƙar da ita ya ƙara mata tsawo daidai ni. Fakarar farko tana nan tana jira, ban fasa alkawarina ba.

Ki huta lafiya.
Eilif mai kumburarren hanci

Bergen, bayan kwana kaɗan

Yaya,

Gaisuwa. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa bango. Wato yanzu bango ne mai laifi. Bindigar da ta ciyar da kakanmu da Baba, ta zo hannunka ta karkace. Allah ya ba hancinka lafiya.

Taka ce, ka miƙe ta, ka ƙara, ka rage, ba ruwana.

Amma ka ji tausayin karen. Kana hawa da shi gindin tsauni da rana tsaka, don me? In rana ta ɗaga, fakaru gangarowa suke cikin gajerun itatuwan bakin rafi, inda ƙasa take da laima. Ka bi rafin daga ƙasa, iska tana bugun fuskarka, ba sai Tass ya hau ko'ina ba. In ya ƙame kada ka yi sauri, yana ƙin a zo masa da gaggawa. Kuma kada ka harbi garke. Ka zaɓi guda ɗaya, ka manta da sauran. Baba bai taɓa gaya mini wannan ba, a bayansa na gani. Mai ɗaukar jaka ba ta da aikin yi sai kallo.

Jiya da na fito daga aiki iska ta juyo daga tudu, na ji wani ƙamshi kamar na ganyen dutse bayan raɓa. Na tsaya a bakin titi kamar wawiya har motar haya ta wuce ni. Kada ka ɗauka wani abu ne, gajiya ce.

Ka ba Tass ƙwai ɗanye a abincinsa. Ka gai da Borghild, ka ce mata na goyi bayan dankali.

Gunvor

Folldal, ƙarshen Satumba

Ƙanwata Gunvor,

Gaisuwa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na je Tynset. Na ɗora bindigar a kan teburin Ragnvald na ce, "Danshi ya murɗe mini ƙota, ina so ka miƙar da ita." Ya ɗaga tabarau ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, "Danshi? Ni ne danshin. Wuni biyu na yi ina kwarara wa wuyan ƙotar nan tafasasshen mai kafin ta yarda ta karkata, ka zo ka ce danshi."

Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Oddvar mana, ubanka. A watan Fabrairu ya shigo nan, motar madara ce ta rage masa hanya. Ya ce in juya ta ta koma ta kafaɗar hagu, in kuma yanke gindin. Na ce masa, Oddvar, bindigar mahaifinka ce fa, abin da aka yanke ba ya komawa. Ya ce in yanke."

Na ce, "Ya faɗi ko don wa?"

Ya ce, "Ubanka ne zai faɗi? Na tambaya, ya ce hm. Ya dai ba ni awo."

Ya juya ya laluba a ƙusoshin bangonsa, ya ciro wani jan zaren ulu mai ƙulli biyu.

Gunvor, rigarki ke nan. Zakaran rumbun kuma, idon da za ki yi saiti da shi yake nema.

Kin san sauran. A watan Maris ciwon ya shanye masa ɓarin jiki ya tafi da bakinsa, a Afrilu muka binne shi. Ina jin goma ga Satumba yake jira, ya miƙa miki a bakin rafi ba tare da ya ce komai ba. Yanzu na gane abin da yake nufi a kwanakin ƙarshe, da yake ta nuna bango da hannunsa mai lafiya. Ni kuma in ta kawo masa ruwa, in ta gyara labule.

Ragnvald ya ce icen da aka lanƙwasa sau ɗaya ba a mayar da shi, tsagewa yake. In ina so, zai cire wannan ƙotar ya sassaƙa mini sabuwa daidai kafaɗata, wannan kuma a jefa a murhu. Zan gaya miki gaskiya, abin ya yi mini ciwo. Tun ina yaro nake kallon bindigar nan a matsayin tawa. Ni na zauna da shi, ni na yi ta juya shi a gado, ashe ya riga ya yanke ta daidai hannun wata. Na ji kishi, na ji haushi, har na ce wa Ragnvald nawa ne sabuwar. Kafin ya amsa na mayar da ita jakarta na fito.

A hanya na tuna da ke a bakin rafi. Ina wurin ranar, na ji abin da ya ce miki, na karɓi bindigar ina murna. Gona ta ishe ni.

Ga zaren a ambulan, ga mabuɗinki. Ki auna da kanki, kada ki ce na ƙirƙira don in jawo ki.

Ƙanƙara ta sauka a kan manyan tsaunuka, fakaru sun fara fari daga ciki. In ta sauko ƙasa hanyar bukka ta rufe sai baɗi, kuma Tass ba shi da baɗi. Ni dai ba zan harbi ta farko ba. Bindigar ba ta san dama ba yanzu.

Yayanki,
Eilif

Bergen, farkon Oktoba

Yaya Eilif,

Na gaishe ka. Na auna. Ƙulli ɗaya a gwiwar hannu, ɗaya a gaɓar yatsa, ko kaɗan bai kauce ba.

Fushi nake yi, kuma kai kaɗai nake da shi da zan gaya wa. Sama da shekara ashirin mutumin nan yana da baki. Kalma nawa ce? "Zo ki gwada." Ko a Kirsimetin nan, hannuna yana cikin nasa, da ya ce mini wani abu ban da hm, da na zauna har sabuwar shekara, da na zo a Maris tun yana gane mutane. Sai ya zaɓi ya shiga motar madara cikin sanyin Fabrairu ya je ya gaya wa ice. Wannan wane irin mutum ne? Shi da ba ya yarda a ajiye bindigar nan a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, shi ne ya sa aka kafa mata zarto.

Na zauna da zaren a hannu na rasa inda zan sa shi. Na sa a aljihun rigar aiki, na cire, na mayar.

Abin da ka yi a wurin Ragnvald na gani, Yaya. Na san ba da sauƙi ka fito da ita yadda take ba. Na gode, kuma ba na wasa.

Ban san ko zan zo ba. Ban taɓa jan kunamar bindiga ba a rayuwata, ka sani. In na zo na kuskure, Tass zai yi mini kallon da ya yi maka, ni kuwa ba ni da fatar da zan ɗauka. Sannan sai na nemi wadda za ta karɓar mini aiki, ga shi watan nan kamar duk matan garin sun haɗa baki.

Takalman dutse na Inna suna nan a ɗakin sama? Tambaya kawai nake yi.

Ƙanwarka,
Gunvor

Bergen, tsakiyar Oktoba

Yaya,

Na dawo Bergen lafiya, ana ruwa kamar kullum. Ka gode wa Borghild, ka ce mata miyar fakarar ta yi daɗi, amma cukun ya yi yawa, kada ta ji daga bakina.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Ran farko a bakin rafi, da Tass ya ƙame garken ya tashi ban harba ba, na ce maka ƙwaro ne ya faɗa mini a ido. Ka kyauta da ba ka tambaye ni wane ƙwaro ne yake yawo a kan dutse cikin ƙanƙarar Oktoba ba. Ina ɗaga bindigar ta zauna a kafaɗata, idona ya hau kan layin, ban nemi komai ba. Sai hawaye ya hana ni gani.

Fakarar washegarin kuwa, kada ka yi ta yaɗawa cewa baki na biyu ne ya same ta. Ta faɗi dai, kuma Tass ya kawo mini ita har hannu.

Ka bar shi ya kwana a kan takalman, kuma ka riƙa ɗaukarsa a matakala yadda ka sauko da shi daga dutse. Bindigar ta zauna a ƙusarta, ka shafa mata mai, kada ka harba, ka ji tausayin hancinka. Mabuɗi yana wurina.

Yau a ɗakin canza kaya wata abokiyar aikina ta ga shatin da ya yi baƙi a kafaɗata ta hagu, ta ce, "Gunvor, me ya same ki?" Na ce mata gado ne.

Sai na zo Kirsimeti.

Ƙanwarka,
Gunvor